Maraya Mai Uba a Faraku

Tun ranar da na dawo, duk wanda ya leƙo shagona na Sabon Gari tambaya ɗaya ce a bakinsa: ya Faraku? Bulus mai gyaran firinta ya tambaye ni sau huɗu. Alhaji Nasidi har daga Kwari yake bugo waya, shi a lissafinsa Turai na je, wai ina tsarabarsa. To, na gaji da maimaici. Ga shi na rubuta, wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta, ya bar ni in yi aikina.

Sai kun fara sanin abin da ya fitar da ni, don ni ba mai son yawo ba ne. Sunana Ganiyu. A Fagge aka haife ni, kakanmu ne ya zo daga Ilori da fataucin goro ya ƙi komawa. Yayata Anti Siki malamar Hausa ce a wata sakandare a Rijiyar Lemo. Ku yi dariyarku, Bayarabiya tana koya wa 'ya'yan Hausawa Hausa, ta fi shekara ashirin tana yi kuma ba a samu wanda ya gyara mata ba. Shekara shida ke nan da hawan jinin ido ya ɗauke mata gani. A lokacin an so a sallame ta, sai na haɗa mata wata 'yar manhaja mai karanta rubutun Hausa da baki, na sa mata suna Muryar Gida. Da muryarta na yi, wata biyu ina karanto mata jimloli tana maimaitawa ina ɗauka. Ɗalibai su buga aikinsu a ɗakin kwamfuta, ita ta sa abin kunne ta saurara ta ba da maki. Takan ce dama ba ta yarda da karatun kowa ba sai nata.

Kwamfutocin makarantar ba da manhajar kamfani suke aiki ba, da irin ta kowa da kowa ce, wadda 'yan sa-kai na ƙasashe daban-daban suke haɗawa, kowa na riƙe da ɗan yankinsa. Kowane yanki ƙunshi muke ce masa. Ana tara su a rumbu ɗaya, kuma dokar makarantar ita ce ba a sa wa kwamfuta abin da ba daga rumbun ya fito ba. Ƙunshina yana ciki. Amma ba shi kaɗai yake tsaye ba, ya dogara da wani tsohon ƙunshi mai fitar da sauti, na wani mutum da ban taɓa gani ba, sunansa Sabi, a Faraku ta ƙasar Benin. Ba wannan ƙunshi, nawa bebe ne.

Sai ga sanarwa. Za a rufe ƙofar rumbu nan da kwana goma sha biyu don fitar da sabon zubi, ƙunshin Sabi kuma ya ƙi haɗuwa da sababbin kayan aiki, mai shi ya yi shiru, saboda haka za a jefar da shi a matsayin maraya, tare da duk wanda ya rataya a wuyansa. Gyaran layi huɗu ne kacal, na yi shi a zama ɗaya ina cin gurasa. Sai dai ba ni da ikon sa shi. Ƙa'ida ta ce ko dai mai ƙunshi ya miƙa da sa hannun makullinsa na sirri da ke cikin kwamfutarsa, ko a jira kwana casa'in kafin wani ya ɗauki riƙo. Casa'in ina, sha biyu ina. In aka dawo daga hutu aka sabunta kwamfutoci, Anti Siki za ta sa abin kunne ta ji shiru, kuma wannan karon ba mai hana a sallame ta. Na tura wa Sabi saƙo shida, ko tari. Da na ji manyan rumbun za su yi taronsu na yankinmu a Faraku ɗin, na ce to bari in je in yi musu magana ido da ido.

Anti Siki ce ta haɗa min kaya da lalube, ta cusa kilishi a aljihun jaka.

"Ka tausasa harshe, Gani," in ji ta. "Na san bakinka."

"Anti, ni fa a kan gaskiyata nake."

"Shi ne abin da nake tsoro."

Bayan asuba ɗan sahu ya ajiye ni a tasha. Motar Ilori, wuri na mutum bakwai, mu tara, ga buhun albasa biyu a but, an ɗaure murfin da roba. Kusa da ni wata Hajiya ce mai kwandon daddawa a cinya, ta rantse ba za a kai shi baya ba sai dai a fasa tafiyar. Kafin Zariya rigata ta zama miya. Direban kuma irin masu wa'azi ne, daga Kaduna har Mokwa yana zagin direbobin zamani, ƙafarsa ba ta san inda birki yake ba. Wajen Jabba robar ta tsinke, albasa ta bi titi, muka sauka mu takwas muna tsinta, har da wani mai kwat da ya ce mana shi lauya ne. Hajiya ba ta sauko ba, ta ce ita daddawarta take gadi.

A Ilori na kwana gidan ƙanen mahaifinmu, Baba Kekere. Mutanen nan, a Kano a ce min Bayarabe, na je can kuma tun daga ƙofa aka fara shelar ga Gambari, wato Bahaushe, ya iso. Na buɗe baki in yi gaisuwa da Yarabanci, matan gidan suka kwanta da dariya. Aka kawo amala da miyar da barkononta ya sa na ji kunnuwana sun buɗe. Baba Kekere ya tambayi abin da zai kai ni Benin, na yi masa bayani dalla-dalla. Ya gama ji ya ce, "Nawa suke biyanka?" Na ce ba ko sisi, aikin sa-kai ne. Ya juya ya ce wa matarsa ruwan Kano ne, haka ya yi wa ubana.

Washegari na bi ta Okuta zuwa iyakar Cikanda. Hanyar nan ba zan ɓata tawada a kanta ba, ƙashin bayana ne shaida. A ɓangaren Benin wani jami'i mai fara'a ya karɓi fasfona ya ce ina takardar gayyata. Na ciro waya, sai na tarar layina ya mutu tun da na tsallako. Su masu taron, kun gane, ba sa buga takarda, wai suna tausayin bishiyoyi, komai yana intanet. Jami'in bai yi min wulaƙanci ba, nuna min hanya kawai ya yi. Na koma Najeriya da ƙafa, na tsaya ƙarƙashin wani mangwaro inda aka ce nan sabis yake sauka, mu kusan goma kowa ya ɗaga waya sama kamar masu roƙon ruwa. Na sauke takardar, na sake shiga Benin. A yini ɗaya sau biyu na bar ƙasata.

Da na dawo sai ya ce in kunna kwamfutar ya gani. Na kunna, na manta sauti a buɗe yake. Muryar Anti Siki ta cika ofis: "Barka da zuwa, Ganiyu." Jami'in ya ja baya kaɗan. Ashe yana jin Hausa, ya ce mace ce a ciki? Na ce yayata ce. Ya buga sunansa, ta karanta, ya kira abokan aikinsa biyu su ma suka buga nasu. Rabin awa ina tsaye yayata tana kiran sunayen jami'an ƙasar Benin, kafin a buga min hatimi.

Faraku gari ne mai tsabta, ba zan yi musu ƙarya ba, kuma wuta ba ta ɗauke ba har na baro. Fetur a manyan kwalabe suke sayarwa a bakin titi, acaɓa ko'ina. An sauke mu a ɗakunan kwanan ɗalibai. Gado lafiya, fanka lafiya, na shiga banɗaki na duba lungu da saƙo, babu buta. Na je wajen mai kula da wurin na kwatanta masa da hannu, ya kawo min tukunyar shayi. Ƙarshe gorar ruwa na huda. Da safe kuma aka ba mu wani dogon burodi da za ka iya korar ɓarawo da shi, da baƙin kofi ba madara. Na tuna shayin Malam Iro na bakin Tashar Jirgin Ƙasa, wanda cokali ke tsayawa a ciki, na ji ƙwalla.

Abokin ɗakina wani ne wai Injiniya Bash daga Abuja. Na yi masa sallama ya amsa da Turanci ta hanci. Na ce daga wane gari, ya ce shi ɗan duniya ne. Da la'asar uwarsa ta bugo waya, na ji Katsinanci tsantsa yana zuba, har da "wallahi Inna ban ci ba". Bashiru ne ɗan Funtuwa. Kilishi kawai na miƙa masa, ya karɓa da hannu biyu.

Yanzu taron. Mutum sun kai sittin a zaure, kowa da kwamfuta a gaba, tsit kamar ana jarrabawa. Na zauna kusa da wani na ce masa ina kwana, bai ɗago ba. Can sai ga saƙo a kwamfutata, shi ne, yana amsawa a rubuce, alhali gwiwarsa na taɓa tawa. Ba sa tafi kuma. In magana ta yi musu daɗi sai su ɗaga hannu sama suna kaɗa yatsu, wai kada a katse mai magana. Manya da gemu, wasu da furfura. Ƙarfe sha biyu da rabi na yi kowa ya watse cin abinci, ba a dawowa sai uku. Mutanen da suka ce saura kwana tara a rufe ƙofa ke nan. Sai dai sakwararsu da soyayyen cuku, wannan kam na yafe musu burodi saboda ita.

Shugaban zaman wani ne Musye Anatol daga Kwatano, siriri, da 'yar ƙararrawa a gabansa. Ranar farko gaba ɗaya a kan nau'in ƙunshi aka ƙare. Abin da yaro zai gane ne: akwai ɗanye, wato rubutun da mutum ya yi da hannunsa, akwai dafaffe, wanda inji ya sarrafa kwamfuta take ci, akwai kuma fanko, wanda ba komai a cikinsa sai jerin sunayen wasu ƙunsoshi da yake jawowa. Awa uku ana gardama ko fanko yana da ikon jawo wani fanko. Wani Bature mai gajeren wando ya zana taswira. Injiniya Bash ya tashi sau biyar. Na duba zauren na ce a raina, ai ga amsar nan a zaune, fanko ya jawo fanko har sittin.

Rana ta biyu aka zo kan dogaro, inda tawa take. Dogaro hawa uku ne a wurinsu, ni na sa musu sunan da zan riƙe: farilla, wanda in babu shi ƙunshi ba ya aiki sam, mustahabbi, wanda ake so amma ana rayuwa ba shi, sai na ganin dama. Aka haska jerin waɗanda suka rataya a kan ƙunshin Sabi. Ashe ba ni kaɗai ba ne, mu goma sha ɗaya ne, bakwai suna zaune a zauren. Na ce alhamdulillahi, na samu 'yan uwa.

Ina. Injiniya Bash ya tashi da dabara. Ya ce abu mai sauƙi ne, kowa ya buɗe fayil ɗinsa ya sauya kalma ɗaya, inda aka rubuta farilla a mayar mustahabbi. Injin da ke duba ƙa'ida zai yi shiru, a jefar da maraya, namu su wuce. Zaure ya ɗauki kaɗa yatsu. Su nasu sauti ado ne, 'yar ƙara ce in an danna wani abu. Nawa kuwa zai shiga rumbu da rigarsa tsaf, a sa shi a kwamfuta, ya buɗe baki ba murya. Kamar ka sayar wa mutum adaidaita ka ce masa taya mustahabbi ce.

Na ɗaga hannu aka ba ni minti uku. Nan na yi wauta, ban ɓoye ba. Na yi sallama, na gai da shugaba, na gai da manyan da ke wurin, na yi wa masu masauki godiya, na tambayi gajiyar waɗanda suka zo daga nesa, yadda duk ɗan halak zai yi. Ina cewa "to abin da ya kawo ni", ƙararrawa ta kaɗa. Musye Anatol ya ce lokaci ya cika, sauran in rubuta a shafin ƙorafi.

Gargaɗin Anti Siki ya tashi a banza. Na ƙi zama.

"Tambaya ɗaya, ranka ya daɗe. Mutumin nan Sabi, a garin nan yake ko ba a nan ba?"

Aka fassara masa. Ya duba kwamfuta ya ce a nan yake, haka bayanansa suka nuna.

"Wa ya je gidansa?"

Ya ce an tura saƙo uku a tazarar da ƙa'ida ta tanada, ba amsa.

"Ban ce saƙo ba. Ƙafa. Wa ya taka ya je?"

Musye Anatol ya gyara tabarau, ya ce min cikin natsuwa babu wannan matakin a ƙa'ida, kuma zuwa gidan mutum ba izini shiga sirrinsa ne. Na ce a garinmu in maƙwabci ya kwana biyu bai fito masallaci ba, buga masa ƙofa ake yi, ba a taɓa kai kowa ƙara a kan haka ba. Na ce kun yi shekara goma sha ɗaya kuna hawan bayan mutum, ya yi shiru wata bakwai, abin da ya fara zuwa muku shi ne ku sa masa suna maraya ku share. Ba wanda ya kaɗa yatsa. Na naɗe kwamfutata na fita, raina a ɓace, kuma gaskiya ina jin daɗin kaina sosai.

A bakin ƙofa na tari wani ɗan acaɓa magidanci, na ji yana waya da Hausa. Na ce ina neman wani Sabi mai harkar kwamfuta. Ya yi dariya ya ce a garin nan in ka jefa dutse kan Sabi zai faɗa. Na tuna a saman fayil ɗinsa ya taɓa rubuta cewa ya yi aikin sauti a gidan rediyo kafin ya yi ritaya. Na ce kai ni wajen masu gyaran rediyo. Na farko bai sani ba, ya tura mu wajen na biyu. Na biyu, wani tsoho a Zango, ya ajiye abin liƙa ya ce, "Baba Sabi na rediyo? Allah sarki. Ai tun kafin azumi ya faɗi." Ya kwatanta mana. Daga zauren taro zuwa ƙofar gidan, da tambayar da komai, minti arba'in. Ko kilishina ban kai ga cinyewa ba.

Matarsa ce ta amsa sallama, Inna Adiza, Hausarta irin ta Zango. Na ce daga Kano nake, na zo duba Baba. Ta ce, "Daga Kano? Don shi?" Ta shigar da ni.

Yana zaune a kujerar roba a inuwar baranda, dogo, ya rame, hannun dama a naɗe kan cinya, bakin ya karkace. Shanyewar ɓarin jiki. Hankalinsa garau, maganar ce sai ka kasa kunne. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa sannu, na ajiye ragowar kilishin don ba ni da abin da ya fi shi. Sannan na faɗa masa ko ni wane ne da abin da ke tafe da ni.

Ya yi wa matar ishara, ta ɗauko kwamfutarsa daga cikin kwaba, a naɗe cikin zane. Ta ce tun ranar da ya faɗi ba a buɗe ba, ita ba ta san kanta ba, 'ya'yan kuma suna Kwatano. Muka sa caji muka kunna. Saƙonni suka fara zubowa. Ya sa tabarau yana bi da ido, ni ina tsaye a bayansa, sai na hango sunana jere sau shida.

Bulus, kai da kake cewa na cika gaisuwa, ka saurara. Na farko cewa na yi, "Ƙunshinka ya lalace, ga gyara." Na uku, "Har yanzu shiru." Na shida, "In ba za ka iya ba ka sakar wa masu iyawa." Babu sallama, babu ina kwana, babu ya iyali. Shekara shida yayata tana cin abinci da aikin mutumin nan, ban taɓa rubuta masa na gode ba, sai ranar da abin ya tsaya. Ni da na gama wanke mutum sittin tas a kan rashin zumunci. Ya karanta duka shidan, a hankali, bai tsallake ko ɗaya ba. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, na rasa inda zan sa idona.

"Baba, ka yafe min," na ce.

Ya ɗaga hannun hagu ya yi kamar yana korar ƙuda. Sannan ya yi magana, sai da ya maimaita na gane.

"Wa ke amfani da shi?"

Ashe bai sani ba. Ya ce shi a zatonsa mutum biyu ne ko uku, don ba ya jin kowa sai in abu ya ɓaci. Na buɗe tawa kwamfutar na buga, muryar Anti Siki ta fito: "Sannu da jiki, Baba Sabi. Allah ya ba ka lafiya." Na ba shi labarinta, da makarantar, da ɗaliban. Inna Adiza ta sa gefen mayafi a ido. Shi kuwa ya ce in sake. Na sake. Ya karkato kunnen hagu ya ce in sake. A karo na uku ya ɓata fuska.

"Akwai tsaki a ƙarshen kalma. Ka cika ƙarfi. Rage."

Na rage, tsakin ya tafi. Shekara shida ina jin abin nan ban taɓa lura ba.

Saura sa hannu. Na rubuta takardar miƙa riƙo, na karanta masa, ya gyaɗa kai. Amma makullin ba ya buɗewa sai da kalmar sirri, doguwa, wadda hannun damansa ya saba bugawa ba tare da tunani ba. Inna Adiza ta ce ya faɗa mata ta buga. Ya ƙi. Na ce ko ni. Ya harare ni. Ko a wannan hali ba zai ba wani sirrin makullinsa ba, kuma a duk ƙa'idojin da na ji a Faraku wannan ce kaɗai na ga an riƙe ta don Allah. Ya ce mu juya baya. Muka juya muna kallon bango, muna jin ƙas, shiru, ƙas, da yatsa ɗaya na hagu. Ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Na ji numfashinsa ya sauya. Ni kuma ba abin da nake gani a bangon nan sai Anti Siki da abin kunne. Ya huta, matar ta ba shi ruwa, muka sake juyawa. Wannan karon ya fi minti biyar. Sai na ji ya ce, "To."

Na sa gyaran layi huɗun a gabansa, ya duba ya yarda. Da zan tafi ya riƙe min hannun riga.

"Yanzu naka ne. Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai, Baba."

"In ka faɗi, wa zai zo?"

Na ɗauki jakata na yi musu sallama.

Washegari na kai wa Musye Anatol. Ya duba sa hannun ya ce ingantacce ne, an cire ƙunshin daga jerin marayu, magana ta gaba. Ko minti ɗaya ba a yi ba. Bakwai ɗin nan suka mayar da kalmarsu farilla ba kunya. Da na faɗi halin da mutumin yake ciki, zaure ya yi jimami sosai, har aka kafa kwamiti da zai tsara fom na masu riƙon da suka kwanta rashin lafiya. Injiniya Bash ne sakatare. A cikin sittin, mace ɗaya ce daga Yamai ta biyo ni waje ta ce in kwatanta mata gidan.

Dawowa ba labari, sai dai a Ilori an ƙara min barkono. Na iso Fagge da yamma, na tarar da Anti Siki a tsakar gida tana tsinkar zogale. Na ba ta labari tun daga daddawa har saƙo shida, ban rage ba.

"Me ka kai masa?"

"Kilishi. Ragowa."

"Ragowa. Allah ya shirye ka, Gani. Nemo min lambar matar."

Ranar nan ta fi rabin awa tana gaishe su, yanzu kuma duk Juma'a sai ta kira. Aka koma makaranta, aka sabunta kwamfutoci, ta sa abin kunne. Ta ce muryar ta fi da daɗi, me na yi mata? Na ce ba ni ba ne.

Tambayar Baba Sabi ce ta ƙi barina. Na ce wa Bulus ya sa sunansa kusa da nawa a matsayin mai riƙo na biyu, tunda ya iya. Ya ce zai yi tunani. Yau sati uku yana tunani, amma bai fasa tambayata ya Faraku ba. Da na kai wa Anti Siki ƙara, sai ta ce in buɗe fayil ɗin, wurin da ake rubuta sunan mai riƙo, in rubuta abin da za ta faɗa a ƙarƙashi. Na ce Anti, babu gurbin wannan a ƙa'ida. Ta ce rubuta. Na rubuta. Injin duba ƙa'ida ya yi gargaɗi cewa bai san wannan layi ba, amma gargaɗi ne ba kuskure ba, bai hana shiga rumbu ba. Har yau duk lokacin da na taɓa ƙunshin sai ya yi ƙorafinsa, ni kuma na bar shi. Duk wanda ya sauke ƙunshin, a ko'ina yake a duniya, zai gani:

"In Ganiyu ya yi shiru, kada a tsaya turo saƙo. A zo Fagge, a tambayi gidan Malama Siki makauniya, a yi sallama."